Yadda Na Zama Mai Silima

Kun tashi kun tarar ana kirana Mai Silima, kuma kowannenku da labarin da ya tsinta a bakin mutane. Sani ya taɓa gaya wa matarsa wai na yi rawa a fim da ƙuruciyata. Binta kuwa, Allah ya shirye ta, cewa ta yi har da waƙa, ina zagaya bishiya. Yanzu jikokina sun fara tambayata ko na san 'yan wasan nan da suke kallo a waya. Shi ya sa na zauna in rubuta muku da hannuna tun idona na gani, kada in mutu a bar ni ina zagaya bishiya. Ban yi rawa ba, ban yi waƙa ba. Kalma ɗaya tak na faɗa, ita ma ba a ji ta ba.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato ne. Babanku malamin gona, muna zaune a Badariya, nan cikin Birni, tun unguwar ba ta cika ba, a wani gida mai gajeruwar katanga da dogon yaro guda a tsakar gida. Sani yana gudu, Binta tana goye. Yayarku ba ta tare da mu. Tun da aka yaye ta aka kai ta Argungu wurin Inna, mahaifiyar babanku, can ta zauna har ta shiga makaranta. Ku 'yan yanzu kuna kiran ɗan fari da sunansa, ku ɗora shi a cinya a gaban kowa, har ku sumbace shi. Mu ba haka muka taso ba. 'Yar fari ba a faɗin sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane, in ta faɗi ka kau da kai wani ya ɗaga ta. Yayarku kuma an yi mata kulle biyu, don sunan Inna aka sa mata, sunan suruka kuwa ko a mafarki ba ya fita daga bakin mace mai tarbiyya. Na yi sakandare, na san sassan fure da kogunan duniya, amma shekara takwas abin da nake kiran 'yata da shi bai wuce "Ke" ba. In na ɗinka mata riga, Inna nake miƙa wa in ce, "Ga wagga, ko akwai wadda za ta yi wa," kamar gidan cike yake da 'yan shekara takwas. Ita kuma yarinyar ba ta ce mini Umma kamar ku. Ta Birni take ce mini.

A shekarar ne Baffanku Bello, autan Inna, ya dawo daga karatu a Zariya da suma buzu-buzu ba hula, da wata kyamara mai kaset wadda ake saɓawa a kafaɗa kamar buhun gero. Kun san ƙanin miji da matar wa, tsakaninmu ba kunya sai tsiya. Ya yi sallama ya tsaya a tsakar gida yana huci.

"Matata, tashi ki yi guɗa. Mijinki ya zama darakta."

"Daraktan mi? Hwara zuwa wurin wanzami tukun, kada ka ba Binta tsoro."

"Fim za ni yi."

"To Allah shi ba da sa'a. Wa za shi hito jarumi? In kai na, a nemi wata sana'a."

Ya ce fim ɗinsa babu jarumi, babu bos, babu waƙa, babu ma labari. Na ce to babu fim ke nan. Ya ce ai ni da ire-irena mun saba da na Indiya da majigin gwamnati mai koya wanke hannu, shi kuwa abin da mutane ke ɓoyewa yake nema, wurin da mutum zai ce a tsaya nan, to daga nan shi zai fara. Na zuba masa fura na ce ya sha, mai yiwuwa rana ce ta buge shi a hanya.

Kowa ya ɗauka bikin kamun kifi na Argungu ya zo ɗauka, yadda baƙi ke zuwa su yi. Ko kusa. Akwai Mamman, wani masunci mutumin Gulma da ke kawo wa Inna kifi, ya ji labari ya zo da giwar ruwa ƙatuwa, ya sa rigarsa ta Juma'a ya rungume ta yana murmushi har haƙoransa suka bushe. Bello ya durƙusa ya ɗauki ƙafafunsa, faso da taɓo, bai ko ɗaga kyamarar sama ba. A gidanmu kuma babanku ya zauna cin tuwo, ya yanko loma ya kai rabin hanya, sai ya ga gilashin kyamara a gefen kunnensa. Mutumin da ko ni ba na zama in kalle shi yana ci. Ya sandare da loma a hannu, miyar kuka tana bin gwiwar hannunsa.

"Bello, kau da abin ga."

"Ci abincinka, Yaya, kamar ba ni nan."

"Kana nan. Ina jin numhwashinka."

Duk wannan dariya nake yi, don ba a zo kaina ba. Ranar da aka zo kaina wata Talata ce da hantsi. Bello ya dawo daga Argungu, ya tarar babanku ya fita, ya haɗa wayoyinsa da talabijin ɗinmu ya ce in zo in ga wani abu. Na zo da tsintsiya a hannu. Sai ga Yayarku a zaune kan turmi a gidan Inna, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, sanye da rigar da na ɗinka wa "ko akwai wadda za ta yi wa". Ban taɓa samun damar kallon fuskarta haka ba, don a gidan Inna da gefen ido nake satar kallonta. A ranar na ga ashe tana da ɗan tabo a haɓa. Muryar Bello tana tambayarta daga bayan kyamara.

"Wa ka kiran ki da sunanki na yanka?"

"Malamin ajinmu."

"Inna hwa?"

"Takwara taka ce man."

"Ta Birni hwa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta. "Ke taka ce man."

"Don mi?"

"Ta mance shi. An kawo ni nan tun ina ƙarama. Ta san na Sani da na Binta, su suna kusa da ita." Sai ta ɗago ta dubi gilashin. "Baffa, kada ka hwaɗa mata na sani. Kunya za ta ji."

Na jingine tsintsiya na shiga madafa, na jawo kwandon albasa na yi ta yanka, har na yanka wadda za ta ishi gidan biki, alhali ranar fate za mu sha. Bello ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, kuma ranar ce kaɗai na ga ya rasa tsiyar da zai yi mini. Can ya ce abin da yake so ke nan a fim ɗinsa, in zauna a gaban kyamara in faɗi sunan sau ɗaya. Na ce masa mara kunya, ɗan Zariya, wanda boko ya cinye wa ƙwaƙwalwa. Ya ce ya ji. Na ce in ya sake ya maimaita maganar sai na haɗa shi da Inna. Ya ce ya ji wannan ma, ya ɗauki albasa guda ya tafi.

Kwana uku ina sallah ina rasa raka'a ta nawa nake. Za ku ce me ya hana in hau mota in tafi Argungu in kira ta. Gidan Inna zana ce ta raba ɗaki da ɗaki, in ka yi atishawa a bayan gida sai an yi maka addu'a daga zaure. Kuma na san kaina, in yarinyar ta dube ni da idon nan nata, harshena ba zai tashi ba. Shi gilashi ba ya kallon mutum da ido irin na mutane. Na je wurin malamarmu ta Islamiyya na tambaye ta ko zunubi ne uwa ta kira ɗanta na fari da sunansa. Ta ce ko kaɗan, al'ada ce kawai, addini bai hana ba. Na ce to ita tana kiran nata? Ta ce, "Allah shi kiyaye!" Na dawo na sami babanku yana ɗaure igiyar takalmi, na zayyana masa komai kaina a ƙasa. Ya daɗe yana kallon takalmin.

"Ni ban ce ki yi ba."

"To, Malam."

"Ban kuma ce kada ki yi ba." Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Gobe za ni Ambursa duba shinkahwa. Tun da sahe za ni hita, ba ni dawowa sai la'asar sakaliya."

Na zauna da mutumin nan shekara arba'in da wani abu, kuma iyakar izinin da ya iya bayarwa ke nan in abu ya shafi Inna. Allah ya jiƙansa, ranar shinkafar Ambursa ba ta bukatar kowa.

Na gindaya wa Bello sharaɗi cewa yarinyar kaɗai zai nuna wa, ya rantse. Washegari na yi wanka, na sa mayafina mai kauri na lulluɓe har goshi, ya ajiye mini kujera a gindin dogon yaro. Ya ce in dubi tsakiyar gilashin in ɗauka ita ce. Na duba, na buɗe baki, sai na ji na ce, "Ke." Ya ce a sake. Na sake buɗe baki, tari ya sarƙe ni. Ya ce a sake. Na uku na yi bisimilla da ƙarfi, na kama harafin farko, sai kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa, na rufe fuska da hannu biyu na tashi na ruga bayan bishiya. Ya biyo ni da kyamara ta dama, na ɓullo ta hagu. Ya dawo ta hagu, na koma ta dama, yana ta ihu, "Sake! Sake, matata!" To kun ji asalin zagaya bishiya. Abin da ban sani ba, maƙwabciyarmu Asabe ta hau turmi ta leƙo ta kan katanga, wai kazarta take nema. Kazar da ke kwance kan ƙwai a ɗakinta.

Sai da rana ta take tsaka na gaji da gudu. Na zauna, na tuna ƙafafun nan da ba su kai ƙasa ba, da yadda ta ce kada a gaya mini don kada in ji kunya. Na dubi gilashin na faɗa. Sunan da na raɗa a zuciyata sau dubu ina daka, ina wanki, ina sujada, ranar ya fara bi ta leɓena. Bello ya sauke kyamara bai ce a sake ba. Ya juya baya yana gyaran wata waya da ba ta lalace ba.

Kafin babanku ya dawo daga Ambursa labari ya gama Badariya. Kafin Juma'a ya isa Argungu, kuma a hanya ya yi ƙiba. A Badariya na zagaya bishiya, a tasha na yi rawa, da ya shiga gidan Inna har da kalangu. In na shiga gidan suna sai mata su matsa mini wuri suna ƙunshe dariya, wata ta ce, "Sannu da zuwa, Mai Silima, yau wace waƙa za a yi muna?" Wannan duk mai sauƙi ne. Na aika wa Inna sabulu da soyayyar gyaɗa kamar yadda na saba kowane wata, direban da na ba saƙon ya dawo mini da ƙunshin ko kwance shi ba a yi ba, da saƙo a bakinsa. Ya tsaya a zaure yana sosa ƙeya ya ce, Inna ta ce a gaya wa ta Birni, Takwara ba ta zuwa hutu bana, ba ta zuwa baɗi, ita ba ta kai ɗiya gidan 'yan rawa. Dama an yi da ni cewa hutun ƙarshen shekarar za a kawo mini ita ta yi wata guda, karo na farko tun yaye, har na sayi 'yar katifa na ɓoye a bayan gado. Na so in ba ta suna, sai ga shi na rasa ta gaba ɗaya.

Bello ya tafi ya rantse wa Inna ba rawa aka yi ba. Ta ce to me aka yi? Ya ce ba zai iya faɗa ba. Ta ce to a kawo silimar ta gani da idonta, a gaban shaidu, in ya so ta yanke hukunci. Ya dawo ya ce mini alkawarinsa yana nan, in na ce a'a ba zai nuna ba. Na auna, na ga tsakanin a ce na yi rawa da a ji na faɗi sunan surukata a gaban ƙawayenta, ban san wanne ya fi muni ba. Amma ta hanya ɗaya ce kawai yarinyar za ta ji. Na ce a kai.

Bayan an gama yankan shinkafa muka tafi, a bayan a-kori-kura, babanku ya rungume talabijin a cikin bargo kamar mara lafiya, duk ramin da aka faɗa sai ya yi salati. An idar da azahar aka tayar da janareto a bayan gida, Bello ya sa aka rataye tabarmi a bakin rumfar Inna don wurin ya yi duhu. Inna ta hakimce a kan kujerarta da carbi, ƙawayenta tsofaffi huɗu sun jeru a gefenta, su ne alƙalai. Babanku da Mamman masunci suka tsaya daga bakin rumfa. Yayarku tana gaba, dab da talabijin. Ni kuwa na maƙure a lungu bayan randa, ina karanta duk addu'ar da na haddace.

Abu na farko da ya fito gora ce, irin wadda masunta ke hawa, tana yawo a kan ruwan Rima ba kowa a kanta. Muka kalli gora. Gora ta juya. Muka ci gaba da kallon gora.

"Bello, ya lalace?" in ji Inna.

"Haka shike, Inna."

Ɗaya daga cikin tsofaffin, Gwaggo Tumba, ta tashi ta zagaya bayan gida, ta yi alwala ta dawo ta zauna. "Har yanzu ba ta nutse ba?"

Daga nan sai ƙafafu, faso da taɓo sun cika talabijin. Mamman ya yi tsalle daga bakin rumfa. "Ƙahwata ta! Wallahi ƙahwata ta! To ina kihin? Bello, ina kihin da nir riƙa?" Ba kifi. Sai ga babanku da loma a sararin Allah, idanu a zazzare, miya tana bin hannu. Tsofaffin nan suka kwashe da dariya har Gwaggo Tumba ta ƙware, Inna ma ta rufe baki da carbi kafaɗunta na rawa. Na leƙa na ga babanku ya sulale ya koma zaure.

Sai ga Yayarku a kan turmi. Da ta ga kanta ta yi ƙara ta rufe ido, amma da muryarta ta fara sai rumfar ta yi tsit. Kowa ya ji ta ce ta Birni ta mance. Kowa ya ji ta ce kada a faɗa mini. Carbin Inna ya tsaya a hannunta. Yarinyar ta juyo tana nemana a cikin duhu da ido, ta gano ni a bayan randa, ta sunne kai cikin gwiwa, don asirin da ta rufa mini ya tonu.

Sannan fuskata ta fito, ita kaɗai, ta cika gilashin daga goshi zuwa haɓa, tana kallon duk wanda ke zaune. Na runtse ido ina jiran in ji muryata ta kashe ni. Shiru. Sai ƙarar ruwa, irin ta bakin gulbi. Na buɗe ido na ga leɓena suna motsi a hankali, baki ya buɗe ya zagaye ya rufe, babu murya ko ƙanƙani. Ashe ɗan banzan nan ya cire ta ya sa kukan ruwa a wurin. Daga baya da na tsare shi da muciya, ce mini ya yi wai shirun shi ne ma'anar fim ɗin. Gudun da na sha a gindin bishiya, da sabuluna da aka dawo da shi, da sunan da aka laƙa mini, duk a kan ƙarar ruwa. Da a lokacin na samu muciyar nan a hannu, da Zariya ba ta sake ganinsa ba.

Amma tsofaffin nan sun karanta bakin. Na ji Gwaggo Tumba ta ja numfashi ta ce, "La'ilaha!" Yarinyar kuwa ba ta gane ba. Ta juya tana duban wannan tana duban waccan.

"Mi tac ce? Gwaggo, mi tac ce?"

Wa zai gaya mata? Duk rumfar babu mai iya faɗin sunan nan Inna tana zaune. Gwaggo Tumba ta duƙa tana neman wani abu a cikin zanenta. Ashe Bello ya maimaita wurin a fim ɗin, fuskata ta sake fitowa, leɓe suka sake motsi, ruwa yana ta kuka. Yarinyar ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta fara shessheƙa. "Ba ni ji! Baffa, ƙara magana, ba ni ji!" Ni ina bayan randa, na buɗe baki in taimake ta, harshena ya mutu. Sai fuskar ta fito karo na uku, a hankali fiye da da, ta dubi rumfar ta yi kira ba murya.

"Na'am," in ji Inna.

Da ƙaramar murya ta faɗa, irin ta yarinyar da aka kira daga ɗaki. Ita kanta ba ta san ya fita ba, sai da ta ga kowa ya juyo. Daga baya na lissafa, tun rasuwar mahaifiyarta a Gulma babu wanda ya sake kiran Inna da sunanta. Mijinta bai taɓa ba, 'ya'yanta ba su isa ba, ƙawayenta da sunan 'ya'ya suke kiranta. Tsohuwa mai jikoki goma sha wani abu, ita ma ashe jira take yi. Yayarku ta dubi Inna, ta dubi fuskata a talabijin, ta dubi Inna kuma. Suna ɗaya ne a duniya da za a kira Inna da shi ta amsa haka, wanda ita ma nata ne. Na ga lokacin da ta gane, bakinta ya buɗe bai rufe ba.

Inna ta goge ido da gefen mayafi ta ce hayaƙin janareto ne, alhali janareto yana can bayan gida iska tana kai hayaƙinsa gulbi. Ta daka wa Bello tsawa ya kashe shirmensa. Gwaggo Tumba ta ce, "To ina rawar?" Inna ta ce rawar tana gidan waɗanda suka ƙirƙiro ta, kowa ya tashi ya ba ta wuri. Da aka watse ta kira ni, na fito daga bayan randa na durƙusa. Ba ta dube ni ba, carbinta take kallo.

"Ke, ta Birni. Kunnena ga na dama ya toshe tun jiya. Na hagun ma yanzu ya bi shi. Ba ni jin komi har a kira la'asar." Ta nuna bayan rumbu da haɓa. "Tahi da ita can. Silimar ɗan banzan ga ba ta da murya, ke kina da ita."

Na kama hannun Yayarku, karo na farko a gidan nan da rana tsaka, muka zagaya bayan rumbun gero inda kaji ke tono. Na tsuguna daidai tsayinta. Na dubi tabon nan na haɓarta don ba zan iya duban idon ba, na faɗa da murya.

"Na'am," ta ce, ta gyara tsayuwa. "Mi za ni ɗauko miki?"

"Ba komi."

"To don mi kika kira ni?"

"Kira na kawai."

Ta tsaya tana juya maganar, don a saninta ba a kiran yaro sai da aike. Can ta matso ta kama bakin mayafina. "Sake."

Na sake. Ta ce na'am, tana dariya hawaye yana zuba. Ta ce in ƙara, na buɗe baki zan ƙara, sai muryar kurmar nan ta taso daga cikin rumfa.

"Biyu ya isa! Kunnen ya hwara buɗewa!"

Hutun nan Inna da kanta ta rako Yayarku har Birni, ta kwana biyu, ta tafi da sabulunta da gyaɗarta. Katifar da na ɓoye a bayan gado ta yi aiki. Fim ɗin kuwa sau ɗaya aka sake nuna shi, a wurin malaman Bello, ya ce wurin gorar ne suka fi tafa wa. Daga baya kaset ɗin ya ƙare a bikinsa, wani abokinsa ya ɗauki kamun amarya a kai. Sunan Mai Silima ne kaɗai bai gogu ba, ni ma ban nemi a goge shi ba.

Za ku lura na cika takardun nan ban rubuta sunan ba, haka kuma ban sake faɗinsa a gaban mutane ba tun daga bayan rumbu. Hali ne, ya riga ya bi jiki. Yayarku yanzu tana da jikoki, idonta ma ya fara rauni, na san ɗayanku ne zai karanta mata wannan. Wanda duk ya karanta, in ya iso nan ya ɗaga murya, kada ya yi mini irin ta Bello.

Hauwa'u. Ba aike ba ne, kira ne kawai.